Sito a bayan gida: tsarin da ya dace da ƙasar Gadarif

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau dai maganar ɗakin ajiya nake so mu yi, ɗan siton nan da ake kafawa a bayan gida a zuba buhunan dawa da riɗi da gawayi da su fartanya da duk wani tarkacen da ba shi da mazauni a cikin ɗaki. Wani zai ce ai wannan ba abin dogon rubutu ba ne, to amma duk wanda ke zaune a Gadarif, nan gabashin Sudan, ya san yadda gidajenmu suka koma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman ma daga Disambar shekarar lokacin da mutanen birnin Wad Madani suka kwararo gabas. Gidan da ke da ɗaki uku ya wayi gari da iyali uku ko huɗu. Mu a namu gidan, ɗakin da muke zuba hatsi shi aka share aka shimfiɗa wa Goggo da 'ya'yanta, buhuna kuma suka koma ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, an lulluɓe su da leda. Wasu baƙin sun koma gida bayan da hanya ta buɗe a 2025, amma da yawa suna nan, kuma ba wanda zai ce wa ɗan uwansa tashi in mayar da dawata. Shi ya sa kusan kowane layi ka bi a unguwa za ka ga ana kafa wani abu a bayan gida.

Abin da ke damuna shi ne yadda samarinmu ke zaɓen tsarin ginin. Yaro zai buɗe waya, ya shiga YouTube ko Pinterest, ya ga wani ɗan ɗakin katako mai jan fenti da farar ƙofa a tsakiyar koriyar ciyawa, ya sauke zanen, har da jerin katakon da za a saya da yawan ƙusa, sai ya ɗauka ya nufi wajen kafinta, wanda muke kira usta, ya ce usta irin wannan nake so. Zanen ba ƙarya ba ne fa, masu ilimi ne suka yi shi, amma sun yi shi ne domin ƙasarsu da damuwarsu. Yawancin irin waɗannan daga Amurka suke ko Kanada ko Ingila. Awonsu da ƙafa da inci ne, za ka ga 8 da 10 ko 10 da 12, kuma an tsara komai ne a kan katakon da ake sayarwa a can wanda injin ya riga ya yanke daidai, wanda suke kira biyu da huɗu amma ainihin kaurinsa milimita 38 da 89 ne, ana jera shi kowane inci 16 saboda ya dace da falankin da ke zuwa ƙafa 4 da ƙafa 8. Katakon da ke taɓa ƙasa kuma an riga an ɗura masa maganin gara da ruɓewa tun daga masana'anta. Rufin ya yi tsini sosai saboda dusar ƙanƙara ta zame, ramin ginshiƙi kuma suna zurfafa shi ne don ya wuce inda sanyi ke daskarar da ƙasa. To mu wanne ne namu a ciki? Ba mu da ƙanƙara, ba mu da wannan katakon a farashin da talaka zai iya, muna da gara, da zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, da iskar farkon damina mai ɗauke kwano, sannan uwa uba muna da baƙar ƙasa.

Ita wannan ƙasar tamu ita ce ya kamata ta zaɓa maka tsari, ba hoton waya ba, kuma a kanta nake so in ɗan tsaya. Baƙar lakar da ta shimfiɗu daga Gadarif har Sinnar da Jazira, wadda ta sa tun shekarun 1940 aka fara noman tarakta a nan har garin ya zama rumbun Sudan, ita ce dai ke cinye gine-gine. In ta sha ruwa sai ta kumbura kamar ƙullin waina, in rani ya yi kuma ta tsuke ta tsattsage, har ka ga tsagar da hannunka zai shige. To bala'in ba kumburin kansa ba ne, a'a, rashin daidaito ne. Gefen ɗaki yana shan ruwa yana bushewa, tsakiyar ɗaki da ke ƙarƙashin rufi kuma danshinsa bai cika canzawa ba, sai wani sashe ya ɗaga wani ya zauna, bango ya rasa wanda zai bi sai ya tsage daga kusurwar taga ko ƙofa a karkace. Kuma abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne ƙaramin gini ya fi babba shan wahala, domin ba shi da nauyin da zai danne ƙasar. Ɗaki ɗaya na bulo da siminti a kan fandisho mai zurfin rabin mita, wannan damina biyu ko uku sun ishe shi ka ga ƙofa ta daina rufuwa. Ba don talauci kaɗai iyayenmu suka riƙe guttiya a garin nan ba. Bukka ce mara nauyi, itace da ciyawa, ƙasa ta motsa ta bi ta, ba abin da zai tsage.

Saboda haka a ganina hanya biyu ce kawai mai hankali. Ko dai ka yi gini mai nauyi ka biya kuɗin fandishon kirki, wato ginshiƙan kankare da rodi da za su nutsa su wuce inda danshi ke canzawa, a ɗora musu bim, wato ɗamarar kankare, a sama wanda bai kwanta kai tsaye a kan lakar ba, sannan a ɗora bango, kuma wannan aikin injiniya ne ba na ido ba. Ko kuma ka yi abu mara nauyi wanda zai iya motsi ba tare da ya lalace ba. Wanda ke tsakiya, wato bangon siminti a kan ɗan ramin da aka tona da sauri, shi ne asara. Ga sito kuwa, gaskiya ban ga dalilin da zai sa mutum ya zuba kuɗin fandishon ɗakin kwana a kan wurin ajiye gawayi ba, sai dai in niyyarsa nan gaba ya mai da shi ɗaki ko shago.

Amma kafin ma a kai ga wannan, akwai tambayar da Kawu ya yi mini ranar da na kai masa takardar da na zana, ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, me za ka zuba a ciki?" Na ce Kawu kaya mana. Ya ce, "Wane kaya? Dawa da fetur ba sa kwana ɗaki ɗaya, je ka lissafo." Kuma gaskiyarsa. Ɗakin hatsi daban yake da ɗakin kayan aiki. Hatsi yana son sanyi da iska da bushewa, ba ya son ɓera. Babur da janareto da famfon ban ruwa suna son ƙofa mai faɗi da kwaɗo mai ƙarfi, kuma suna ɗigar da mai wanda warinsa ke kama gari da riɗi. Gawayi yana son wurin da ƙurarsa ba za ta dami kowa ba kuma nesa da jarkar fetur. In duk za ka haɗa su a rufi ɗaya to tun a takarda ka raba da bango a tsakiya, kowanne da ƙofarsa. Sannan ka zauna da matan gida, wannan kada ka tsallake shi. Mu maza sau nawa muke shiga sito a mako? Su ne ke shiga safe da yamma ɗibar hatsi da gawayi. Inna ce ta ce mini kada in kuskura in sa ƙofar ta kalli bayan katanga inda ba a hango ta daga madafa, saboda yara, kuma kantar da za a jera tukwanen biki kada ta wuce inda hannun mace zai kai ba tare da hawa kujera ba. Babu zanen intanet ɗin da zai gaya maka wannan.

Girman ɗakin ma lissafi ne, ba sha'awa ba. Ɗauki tef ka auna buhunka a kwance, za ka samu tsawonsa wajen mita 1, faɗinsa kuma kamar santimita 60. Buhu ba ya jingina da bango, ana barin kamar rabin mita tsakaninsu don iska ta zaga kuma ka iya leƙawa ka ga ko ɓera ko gara sun fara aiki. To a ɗaki mai mita 3 da mita 4, in ka bi dogon bangon ka cire rabin mita kowane gefe, saura mita 3, wato buhu 5 a jere, in ka ɗora hawa 5 ka samu buhu 25, kuma har yanzu kana da hanyar wucewa da wurin kanta a ɗaya gefen. Yanzu duba nauyin: buhun dawa wajen kilo 90 ne, 25 ɗin nan sun haura tan 2, a kan fili mai murabba'in mita 3 kacal, kusan kilo 750 a kowace mita. Daɓen falankin da ke cikin zanen Amurkawa an yi shi ne domin injin yankan ciyawa da keken yara, ba zai ɗauki wannan ba. Ni dai mita 3 da 4 na tsaya a kai, kuma akwai wani daɗi da wannan awon ke da shi: in ka kafa turaku huɗu ka ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, dole ta ba ka mita 5 cif, ɗaya igiyar ma mita 5. In ɗaya ta fi ɗaya to ɗakinka ya karkace, gyara turke kafin a fara haƙa. Wannan lissafin 3 da 4 da 5 magina sun daɗe suna aiki da shi, ko da wane girma ka zaɓa zai fitar maka da kusurwa daidai.

To wane iri za a yi? Mafi araha dai rakuba ce a kewaye ta da zana ko tabarma, dirkoki da gora da igiya, kwana ɗaya an gama. Ga gawayi da itace da karan dabbobi ta wadatar, amma ba ta hana ɓera ba ta hana ɓarawo, kuma gobara ɗaya ta ishe ta. Guttiya ta fi ta nesa ba kusa ba wajen sanyi, wallahi har yau ban shiga ɗakin da ya kai guttiya mai sabuwar jinka daɗi da rana tsaka ba, sai dai da'ira ce, buhu da kanta kuma masu kusurwa ne, fili mai yawa yana tafiya a banza, ga jinka tana son sabuntawa bayan 'yan shekaru, ciyawar ma yanzu ba arha. Akwai kurnuk, mai kusurwa huɗu na itace da kara a shafe da laka, shi ma yana da kyau in kana da mai iya shafe duk shekara kafin ruwa. 'Yan uwanmu na Maiwurno da garuruwan bakin Shuɗin Nilu su jan bulo yana kusa da su saboda wuraren gasa shi suna nan bakin kogi, don haka lissafinsu daban ne da namu, mu kuɗin mota kaɗai ya isa ya canza maka ra'ayi.

Abin da na zaɓa, kuma nake ba duk wanda yanayinsa ya yi kama da nawa shawara, shi ne ƙashin ƙarfe. Ginshiƙai shida na bututun ƙarfe, huɗu a kusurwa biyu a tsakiyar dogayen bangaye, kowanne a rami mai zurfin kamar santimita 70 zuwa 80 a zuba masa kankare, a haɗa kawunansu da ƙarfe, sannan a sa wasu a karkace a kusurwoyi, waɗannan na karkacen su ne ke hana iska ture ɗaki kuma su ne masu walda ke son tsallakewa don rage ƙarfe, kada ka yarda. Daga ƙasa zuwa kamar mita 1 jan bulo ne amma da laka aka ɗaura shi ba siminti ba, kuma bangon ba ya ɗauke da nauyin komai, tsaye kawai yake tsakanin ginshiƙai. In ƙasa ta motsa ya tsage, kwaɓa laka za ka yi ka toshe, in ma ya yi muni ka sauke layi biyu ka sake jerawa da bulonka, rufi yana nan bai san an yi ba. Daga nan zuwa sama kwano, sai a bar tazarar kamar taƙi ɗaya a ƙarƙashin rufi a rufe ta da ragar ƙarfe. Ragar ta zama mai ƙananan ido, kamar milimita 6, domin ɗan ɓera yana bi ta ramin da ya fi haka kaɗan, ragar kaji ba ta tsare komai sai kaji. Wanda ke gidan haya kuma sai ya ce wa mai walda a ɗaure da noti maimakon a like da wuta, ranar tashi ya kwance abinsa ya loda a karo, wato amalanken jaki.

Na san abin da za a ce, kwano zafi. Gaskiya ne, kuma zafi yana ƙara wa ƙwarin hatsi kuzari. Shi ya sa tazarar nan ta sama ba ado ba ce, iska mai zafi sama take tashi, in ta samu hanya sai ta fice. A shimfiɗa tabarmar kaba ko asabari a ƙarƙashin kwanon rufi da ɗan sarari a tsakani, a shafa wa saman farin fenti in da hali, za ka ji bambanci da jikinka. Sannan juyin ɗakin: iskarmu daga arewa take zuwa da ɗari, daga kudu da damina, rana kuma gabas da yamma take duka. Saboda haka dogayen bangaye su kalli arewa da kudu, gajeru su kalli gabas da yamma, kuma bangon yamma shi ya fi buƙatar inuwa domin zafin la'asar shi ke kwana a ɗaki. In akwai dalbejiya a kusa inuwarta alheri ce, sai dai a sani saiwar bishiya tana zuƙe danshin laka ta gefenta, wannan na ƙara rashin daidaiton da na faɗa. Ɗakin ƙarfe mara nauyi zai jure, ginin bulo da siminti kuwa a nisanta shi da ita.

Rufi gangare ɗaya ya isa, ba sai an yi mai tsini biyu ba, ya fi sauƙi ya fi arha kuma ba shi da doron da zai yi yoyo. A faɗin mita 3, in gaba ya kai mita 2.8 baya kuma 2.3, ka samu gangaren rabin mita, ruwa zai gudu. Kwano ya fito waje kamar rabin mita kowane gefe don ya kare bangon laka daga feshi. Inda kwano ya hau kan kwano a tsaye a ba shi santimita 15 zuwa 20, a gefe kuma tudu ɗaya da rabi, kuma a huda a kan tudu ba cikin kwari ba inda ruwa ke bi. A kan bututun ƙarfe ƙugiya mai noti da roba ake sawa, kuma a layin gefe da kusurwoyi a ninka yawansu domin daga nan iska ke fara ɗaga rufi. Duk wanda ya taɓa ganin kwano yana yawo a sama a hadarin farkon damina ya san ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, yana iya sare mutum. Wajen saye kuma a lura da lambar geji, ƙaramar lamba ita ce mai kauri, kada mai shago ya ruɗe ka da babbar lamba.

Yanzu ga wani lissafi da nake so kowa ya yi. Rufin nan da fitowarsa ya zama mita 4 da mita 5, murabba'in mita 20. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gadarif tana samun wajen milimita 600 a shekara, galibi tsakanin Yuni da Oktoba. Ka ninka, lita 12,000 ke nan, wato duro 60 na lita 200, a garin da kowa ya san wahalar ruwansa da kuɗin da masu karon jaki ke karɓa da bazara. Ba duka za ka tara ba, wani zai zube, na farko ma mai ƙura zubarwa ake yi, amma ko rabi ka samu ai ka ci riba. Kuma abin yana da fuska biyu, domin ruwan nan in ba ka tare shi da indararo ba to a gindin bangonka zai zuba, ya jiƙa laka ta gefe ɗaya, ya kumbura maka ɗaki. Don haka indararo da duro su shiga cikin tsari tun farko, kuma rarar da ta cika duro a ja ta da bututu ta yi nisa da gini. Kada kuma gangaren ya kalli gidan maƙwabci. Ruwan rufinka ya zuba a gidan wani, ko ya ci masa katanga, wannan haƙƙi ne, kuma na ga zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da bai kai wannan ba. Ka je ka same shi tun kafin ka kafa turke, ka ce Malam ga abin da nake niyya, ga inda ruwa zai bi. In unguwarku mai tsari ce kuma ka leƙa ofishin mahaliya, wato ƙaramar hukuma, ka ji ko irin ginin da kake so yana buƙatar takarda.

Daɓe kuwa, a ɗaga shi sama da tsakar gida da aƙalla santimita 30, waɗanda ke kusa da Khor Abu Farga ko wani kwari su ƙara, su sun fi ni sanin inda ruwa ke kaiwa a Agusta. A kwashe baƙar ƙasar sama, a cika da tsakuwa da yashi hawa hawa ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa, a shimfiɗa leda mai kauri, a ƙara yashi, sannan a jera jan bulo a kwance ba tare da siminti ba, a share yashi ya cike tsakaninsu. Dalili ɗaya ne da na bango: siminti sirara a kan laka fashewa take, kuma tsagar ta zama ƙofar gara da kunama, bulo kuwa in wuri ya ɗaga sai ka cire guda goma ka daidaita yashi ka mayar. Buhu kuma ko a kan wane irin daɓe ne ba ya kwanciya a ƙasa, a yi masa gado na katako ko ƙarfe mai tsayin santimita 10 zuwa 15.

Gara ba a gama da ita, sa ido ake yi. Ƙa'idar dai kada itace ya taɓa ƙasa, kuma duk inda za ta bi ta hau ya zama a fili inda ido zai ga hanyar lakarta a kankare. Wanda zai yi da itace saboda ƙarfe ya fi ƙarfinsa, bagaruwa da azarar giginya sun fi jurewa, a ƙona gindin dirka kaɗan ko a shafe shi da baƙin mai kafin a binne, amma baƙin man nan kada ya kusanci hatsi. Gora kuma a jiƙa ta a ruwa na wasu makonni kafin a yi aiki da ita, yana rage zaƙin da ke jawo ƙwaron da ke mai da ita gari. Ƙofa ta ƙarfe ta fi, faɗinta kada ya gaza mita 1 don mutum ya shiga da buhu a kafaɗa ko baro ba tare da ya goge ba, ta buɗe waje don kada ta ci fili, kuma ƙasanta ya zauna daf da dokin ƙofa.

Abu ɗaya da ya shafi rai, don Allah a riƙe shi. Ƙwayar nan da ake sawa cikin buhu don kashe ƙwari, mai fitar da iskar fosfin, guba ce mai kisa, kuma iskar tana ratsa tsagar bango. Yanzu da gidaje suka cika, mutane na kwana kusa da hatsi, yara ma wani lokaci a kan buhunan suke barci. Saboda haka sito kada ya haɗa bango da ɗakin kwana, a bar fili tsakaninsu ko da hakan zai sa ɗakin ya ragu. Kuma mafi yawan ɓarnar hatsi daga danshi take farawa, a shanya dawa ta bushe sosai kafin a ɗinke buhu. Gwajin gishiri yana da sauƙi: busasshiyar kwalba, busasshen gishiri cokali biyu ko uku, a zuba hatsi a rufe a girgiza a bar shi ɗan lokaci, in gishirin ya manne a jikin kwalba to da sauran danshi, a mayar rana. Kakanninmu da rumbu da manoman nan da ramin matmura duk a kan wannan suka dogara, hatsi busasshe a wurin da ruwa ba ya kai.

In ka gama yanke shawara, zana abinka a takarda ko da hannunka bai iya zane ba, ka rubuta awo da mita, yawan ginshiƙai, kaurin bututu, gejin kwano, inda ƙofa take da inda ruwa zai bi. Ka ba usta ɗaya ka riƙe ɗaya. Kayan aiki ka saya da kanka ko ku je kasuwa tare, kuɗin hannu kuma a yanke shi daban, domin yadda farashi ke tashi a wannan zamanin cinikin da aka yi a dunƙule yau, mako mai zuwa rigima ce, shi zai ce ƙarfe ya tashi kai ka ce mun riga mun gama magana, alhali kowannenku yana da gaskiya. Biya kashi kashi, bayan ginshiƙai, bayan rufi, bayan ƙofa, in ta manhajar banki ta Bankak ka tura ka adana shaidar. Kankaren ginshiƙai awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, a riƙa ba shi ruwa har kwana 7 kafin a ɗora masa nauyi, a zafin nan namu in aka bar shi ya bushe da wuri ƙarfinsa ba ya kaiwa. Lokacin aiki kuma rani ne, bayan an gama yankan riɗi da dawa leburori sun samu sarari, a tabbata an rufe an ɗaure indararo kafin ƙarshen Mayu, domin da zarar ruwan farko ya sauka a lakar nan ko motar yashi ba za ta iya shigowa layinku ba.